Yadda Za Ka Ciyar Da Saniya Dusa Mai Fumfuna, Ka Kuma Fi Kowa Gaskiya

Kai maigida, gyara zama. Wannan hanya tabbatacciya ce, wani dattijo da na sani ya bi ta daki-daki, cikin sati uku ya kwantar da saniyar da ba ta taɓa ko tari ba. Ni da shi tsawonmu ɗaya, hularmu ma ɗaya.

Mataki na 1: Jingina buhu inda rufi ke yoyo

Idan tsohuwarka, wato uwargidanka, ta ce, "Malam, bangon nan na tsattsafo da ruwa," ka ce shekara arba'in kana kiwo. Kada ka ɗora buhun a kan katako. Katako na masu tsoro ne.

Mataki na 2: Kada ka yarda da hancin kowa

Dusa za ta dunƙule, ta yi kore-kore, ta kama warin tsohon takalmi. Shanya ta a rana, ka murje da tafin hannu har koren ya ɓace. Abin da ido bai gani ba, ai ya tafi. Haka dattijon nan ya yanke, shi da bai zauna a aji ba sai ranar da ya je fakewa daga ruwan sama.

Mataki na 3: Fi saniya wayo

Fara, saniyar tsohuwa ke nan, mai ba jikarsu madarar safe, ta sansana ta kau da kai. Nan ne wurin gwaninta. Gauraya da dusa mai kyau, ka barbaɗa gishiri, ka tsaya a kanta.

"Dabba ma ta ƙi, Malam."

"Shagwaɓa ce. Ke kika lalata ta."

Mataki na 4: Nemo mai laifi

Za ta fara zawo, haƙarƙari ya fito, nono ya ja baya. Ka ce bakin maƙwabci ne, tunda ya yaba ta ran nan bai ce tubarkalla ba. Daina amsa gaisuwarsa.

Mataki na 5: Koya wa likita aikinta

Tsohuwa za ta kira likitar dabbobi ba da saninka ba, yarinya sa'ar autarka. Ta cusa hannu can gindin buhu, ta fito da curi baƙi ƙirin.

"Baba, kun ba ta wannan?"

"Na shanya shi kwana biyu cur."

"Rana na busar da fumfuna, Baba, amma dafin yana nan. Hanta yake ci, kuma yana bi ta cikin nono. Wa ke shan madarar?"

A nan dattijon ya buɗe baki zai jefa karin magana, sai ya hango jikarsa a bakin ƙofa riƙe da kofinta. Ya rufe bakin.

Mataki na 6

Wannan ba shi da suna. Ka haƙa rami ka binne buhun, maƙwabcin nan na taya ka. Ka ɗauki jikarka a kafaɗa zuwa asibiti a duba ta, kana addu'ar da ba ka taɓa yi wa kanka ba. Kowace safiya tsohuwa ta tatso, ta miƙo maka ƙwarya, kai za ka zubar.

"Kaka, me ya sa kake ba ƙasa madarata?"

Amsa wannan da kanka. Ni ban iya ba.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan, shi da tsohuwarsa, babu ruwana, kada a aiko mini. An hana ni karin magana a gidan nan, an karɓe mabuɗin ɗakin ajiya. Jika lafiya lau, Fara ta miƙe. Sai dai har yau in dattijon ya miƙa mata ko ɗanyar ciyawa ce, sai ta waiwaya ta dubi tsohuwa tukuna.