Yadda Za Ka Ciyar da Macijinka Kifi Ba Tare da Iyali Sun Gane Ba

Kai da Allah ya jarrabe ka da son macijin ruwa, ga hanyar da za ka bi ya ci ya ƙoshi, kai kuma ka ci gaba da kwana a gidanka. Tabbatacciya ce. Ɗahiru tela na Gusau ya bi ta, kuma yana nan da ransa, kowa na iya zuwa shagonsa ya gani.

1. Ka sa wa aikin suna mai mutunci

Kada ka ce wa iyali maciji ka kawo. Ɗahiru ya samo nasa a fadamar Bungudu, ɗan siriri kamar igiyar guga, ya raɗa masa suna Manaja, ya ɓoye shi cikin tsohuwar ganga a bayan ɗakin girki. Da matarsa Hafsatu ta ga yana ta shigo da ganguna, ta tambaye shi, ya ce, "Kiwon kihi zan fara." Bai yi ƙarya ba. Magabata sun ce mai tafiya da nisa ba ya cika ƙwarya, haka ita ma gaskiya.

2. Ka je gulbi da kanka

Manaja ba ya cin tuwo, ba ya kallon busasshen kifi, mai motsi yake so. Saboda haka ka sami masunta a bakin gulbi, ka nemi ƙananan karfasa, waɗanda ba su wuce yatsa ba. Za su yi maka dariya. Wani tsohon masunci ya dubi Ɗahiru ya ce, "Malam, wanga kihi ko miya ba ya yi. Mi za ka yi da shi?" Ka ce na magani ne. Ba a ja wa mai neman magani zance.

Kada ka karɓi tarwaɗa, ko da gyara aka ba ka. Ɗahiru ya karɓa, ta cinye abincin Manaja tas kafin ya iso gida.

3. Ka raba masu haihuwa da masu tafiya

In sun girma sun fara haihuwa, iyaye gangarsu daban, 'ya'yan da za su tafi cikin Manaja tasu daban, ta Manaja kuma da murfi. Ka riƙa watsa musu dusa, ka sauya ruwa kafin wari ya kai ƙararka. Ka lura da uwar karfasa: a baki take riƙe ƙwanta, ba ta ci, ba ta buɗe shi sai sun ƙyanƙyashe. Ka yi koyi da ita.

4. Ka tanadi wanda za a zarga

Mace tana ƙirga abin da ke gidanta ko ba ta duba ba. Hafsatu ta gane kifi na haihuwa amma ba ya ƙaruwa, sai Ɗahiru ya ɗora wa kyanwar maƙwabciyarsu, Madam Dibora. Aka yi ta ta kan katanga. Dibora ta ce wa Hafsatu, "Maman Amina, kyanwar da ko yayyafi ba ta so, ita ce za ta yi nutso a ganga?" Daga ranar suka daina gaisawa. Kai dai naka girgiza kai.

5. Ka hana labari zuwa gidan surukai

A nan Ɗahiru ya yi sake. Hafsatu ta buga wa mahaifinta waya, Alhaji Buba na Tsafe, wanda ya daɗe yana cewa namijin da ba shi da gona ba shi da dabba, inuwa kawai yake tarewa. Ranar Juma'a sai ga Alhaji da sandarsa, ba sanarwa.

Ya leƙa gangar iyaye, ya ce, "Awo, yanzu ka zama mutum." Ya leƙa ta 'ya'ya, ya sa albarka. Kafin Ɗahiru ya ce a zo a sha fura, Alhaji ya ɗage murfin ta ƙarshe. Manaja ya ɗago kai, a zatonsa abincin rana ne ya iso.

Alhaji tsohon manomi ne. Bai yi ihu ba, sanda ya sauke.

Ya ɗago gawar ya ce, "Ga ɓarawon kihinka nan, shina ta ƙiba a gidanka ba ka sani ba."

6. Ka yi godiya

Ka durƙusa, kamar yadda Ɗahiru ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba," hawaye na zuba. Hafsatu ta ɗauka na murna ne, ita ma ta taya shi. Alhaji ya ji daɗi har ya aiko da ƙarin ganguna da buhun dusa daga Tsafe. Hafsatu ta kai wa Dibora ƙosai ta ba ta haƙuri. Yanzu karfasa ta cika gidan har ba wurin shanya, Alhaji na bugo waya yana tambayar lafiyarsu, Ɗahiru kuwa ko romon kifi ba ya iya haɗiyewa.

A kula: wanda ya bi waɗannan matakai maciji ya sare shi, ko iyali suka tattara nasu ya nasu, ko maƙwabta suka kai shi gaban mai unguwa, shi ya jiyo, ba ruwan mai wannan bayani. Mai buƙatar ƙananan karfasa ya nemi Ɗahiru, zai ba shi kyauta. Amma kada ya faɗa masa wa zai ci, don har yau idonsa bai bushe ba.