Ginin Injiniya Sammani Ba Ya Yoyo

Allah Ya yi wa Katsina baiwa da malamai tun zamanin da, Ya ba ta fatake da marina da magina, amma sai a zamaninmu Ya cika mata ni'ima da Injiniya Sammani. Duk wanda ke zaune tsakanin Gobarau da Ƙofar Marusa bai san shi ba, to baƙo ne, ko kuma idonsa na buƙatar magani. Ai mutumin ba ya ɓoyuwa. Farar hular kwano irin ta masu aikin gada a ka, riga mai ƙyalli ruwan ɗorawa a kan kaftani, abin awo rataye a ƙugu, jakar kwamfuta a kafaɗa. Haka yake zuwa ɗaurin aure, haka yake zuwa ta'aziyya. A masallaci kaɗai yake cire hular, shi ma don ba ta barin goshi ya taɓa ƙasa.

Masu hassada za su ce maka asalinsa akawun sito ne a wata ma'aikata, mai tsaron tsintsiya da kujeru. Kada ka saurare su. Bawan Allahn nan ya je kwas Abuja, kuma kwas ɗin bai yi gajartar da suke faɗa ba, don sai da ya wanke kaftaninsa kafin ya dawo. Ya dawo da takardar shaida mai tambarin zinare, da wata manhaja a kwamfutarsa, da ƙatuwar robar wanka cike da 'yan tubalan roba masu launi-launi, irin waɗanda yaran masu hali ke maƙala wa juna su yi gida da mota. Manhajar tana ajiye maka hoton kowane tubali a allo. Kai kuma ka ɗauko ka ɗora wani kan wani har gini ya tashi, ka juya shi gaba da baya ka more kallo, sannan ta nuna maka tubalan da za ka tsinto cikin roba ka haɗa ɗan ƙaraminsa a kan tebur. A wasu ƙasashe, in ji waɗanda suka sani, abin rage lokaci ne na ranar hutu. A hannun Sammani ya zama ilimin da zai ceci birni.

'Yan majalisar mai shayi suka laƙaba masa Gina-Gari-Ba-Laka. Ya ji sunan, ya auna shi, ya ga ya dace da shi, ya sa aka buga masa a kati.

Aikinsa na farko shi ne gyaran hasumiyar Gobarau. Wata safiya ya ture kofunan shayi gefe, ya buɗe kwamfuta a kan teburin, ya juya ta ta fuskanci jama'a.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Kakanninmu sun yi ƙoƙari, ba ni musu. Amma lokacinsu babu kwamfuta, da hannu suka lallaɓa. Kun ga yadda bangonsu ya yi tumbi nan, ya shige ciki can? Ni na miƙe shi. Kusurwa ta koma kusurwa. Abin da ya gagare su tun zamanin zamanai, ni tsakanin Azahar da La'asar na gama shi."

Abin da ke allon ya fi kama da kwalayen taliya da aka jera a bakin shago. Malam Istifanus, tsohon malamin makaranta mutumin Kafanchan, wanda ya riga Sammani zama a unguwar, ya gyara tabarau ya tambaya cikin ladabi ko sabon tankin ruwa ne gwamnati za ta kawo. Injiniya ya yafe masa nan take. Ya ce ba kowa Allah Ya ba idon gini ba.

Da abin ya tsaya a teburin mai shayi, da babu wanda ya cutu. Amma Sammani yana da uwa, uwar kuma tana da soro.

Hajiya Furera ta tsufa a ɗakin da aka kawo ta amarya, soron ƙasa mai rufin azara, sanyi da bazara, ɗumi da hunturu. A nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta yi takabar ubansu, kuma ta sha faɗa cewa daga nan take so a ɗauke ta. Irin wannan soro ba ya neman komai a wurin mutum sai abu ɗaya. Kowace shekara, idan zafi ya kai maƙura kafin ruwan farko, a kawo jar ƙasa a kwaɓa, a hau sama a toshe tsaga, a yi sabon yaɓe, a share indararo don ruwa ya sami hanyar sauka. Marigayi bai taɓa tsallake shekara ba. Bana ma, da lokaci ya yi, Habibu, babban ɗanta mai shagon atamfa, ya sa aka zube amalanken ƙasa a ƙofar gida, ya kira Almu magini.

Almu ya jingina tsani ke nan sai ga Injiniya ya shigo, hula na ƙyalli.

"Sauke tsanin nan," ya ce. Sannan ya juya ga mahaifiyarsa da fuskar likita. "Inna, wanga yaɓe shi ya hana mu ci gaba. Kowace shekara a ƙara wa bango kauri, ba lissahi, ba tsari. Ni na auna soron ga ciki da waje, na shigar da shi kwamfuta. In aka shafa mashi ko tafin hannu guda na laka, awona ya ɓaci, dizayin ya rushe. Kuma mi za a yaɓe? Bene zan tayar maki nan wurin, irin wanda ba a taɓa gani ba cikin ganuwa. Daga yau kada wanda ya sake hawa bisa rufin ga sai da izinina."

Hajiya Furera ta daɗe tana kallon autanta. Ta ce, "To, Sammani. Shi ruwan sama an gaya mashi?"

Ya yi dariyar haƙuri irin ta masu ilimi. Habibu ya so ya yi gardama, amma gardama da mai takardar shaida aiki ne, ga shago na jiransa, ga Inna ba ta son a faɗa wa auta magana a gaban mutane. Almu ya saɓa tsaninsa ya nufi Batagarawa, inda ake da masu soraye marasa injiniya. Tarin ƙasar ya zauna a ƙofar gida, awaki suka mai da shi wurin hira.

Daga nan aka shiga aikin ƙasa. Sammani ya daina zuwa majalisa, ya daina amsa sallama da kyau. Bene ya riƙa tashi a allo, hawa bisa hawa. Tun da tubalan an yi su ne don gidajen wata duniyar, sai gidan Hajiya Furera ya fito da bututun hayaƙi, da itacen da ba a taɓa gani a ƙasar Hausa ba, da wani ɗan mutum rawaya a tsaye a baranda yana murmushi da kofi a hannu. Zaure kuwa babu. Ƙofar falo ta buɗe kai tsaye a titi, yadda mai tallan gawayi zai iya gaisawa da matan gida ba tare da ya sauka daga keke ba.

Madina, ƙanwar matar Sammani da ke taya Inna zama, ta leƙa wata rana ta tambayi inda indararo yake. Injiniya ya bincika manhajar sama da ƙasa. Ya sami tayar jirgi, ya sami takobi, ya sami kan doki, bai sami indararo ba.

"Abin da babu cikin manhaja," ya ce, "kimiyya ta wuce shi."

Ana cikin haka iska ta juya. Gabas ta fara haɗa gira da yamma-yamma. Maƙwabta duk sun gama yaɓensu, har Malam Istifanus mai rufin kwano ya sa an bi masa ƙusoshi. Indararon Hajiya Furera kuwa ya cika da busasshen ganyen bedi da tsohuwar leda, tsagar rufin ta yi faɗin da rana ke leƙowa ta ciki. Tsohuwa ta ji tsoro ƙwarai. Ta dai sa Madina ta ja akwatin zannuwanta daga ƙarƙashin tsagar. Ba a fafe gora ranar tafiya, ta sani, sai dai wanda aka ba goran yana can yana zaɓen launin taga.

Ranar da zane ya kammala, Sammani ya ce irin wannan aiki ba a nuna shi a tsaye. Sai an yi bikin ƙaddamarwa. Ya aro majigi da janareta, ya gayyaci mai unguwa da liman da Malam Istifanus da dattawan layi. Da ya zagaya gidan neman ɗaki mai duhu da farin bango inda hoto zai fito sosai, bai sami wanda ya kai soron Inna ba. Aka matsar da gadonta lungu, aka shimfiɗa tabarmi. A tsakiya aka ajiye tebur, a kansa ɗan benen roba lulluɓe da mayafi, a gefe kuma robar wanka da sauran tubalan da suka yi saura, don jama'a su ga yawan kayan aiki.

Bayan La'asar baƙi suka iso. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ya kamata a ɗakin dattijuwa, aka gaisa da Hajiya, aka tambayi gida da iyali da zafi, aka zauna. Injiniya ya yaye mayafin, ya kunna majigi. Bene ya bayyana a bango yana juyawa a hankali, rana na haskawa a bayansa, sama shuɗiya tas.

"Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta malam, iyayena dattawa," ya fara. "Yau tarihi ya shigo wanga gida. Shekara da shekaru muna bautar laka. Mu kwaɓa, ruwa ya wanke, mu sake kwaɓawa. To na yanke wannan igiyar. Ginin da kuke gani ba ya tsagewa, ba ya zaizayewa, ba ya neman yaɓe. Na gwada shi ta kowace fuska, na juya shi sama da ƙasa, ko ɗigo bai taɓa shiga cikinshi ba."

A daidai nan aka yi tsawa. Liman ya yi tasbihi. Iska ta bugi ƙyaure, sai ruwa ya sauko, irin na farkon damina mai zuwa da fushin wata da watanni. Injiniya ya ɗaga murya ya ci gaba da bayanin baranda.

Ruwan ya taru a rufi, ya nemi indararo ya iske shi a toshe, ya nemi wata hanya ya samu. Ɗigon farko ya sauka a kan farar hular kwano da ƙara mai daɗi, kuma a gaskiya wannan ce ranar farko da hular ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa. Na biyu ya sauka a rawanin mai unguwa, jawur da laka. Kafin a jima tsagar ta buɗe baki, ruwa ya miƙe kamar igiya, ya nufi gadon Hajiya.

Tsohuwa ta tashi ba gaggawa. Ta duba ɗakin ta ga babu mazubi mafi girma kusa, ta kama robar wankan nan ta kifar da tubalan a kan tabarmi, ta tura ta ƙarƙashin yoyon. Janareta ya sha ruwa a tsakar gida ya mutu, bene ya ɓace daga bango, ɗaki ya yi duhu. Wani ɓangaren yaɓen rufi ya faɗo tim a kan tebur. Dattawa suka miƙe gaba ɗaya suka nufi ƙofa.

Wanda bai taɓa taka ɗan tubalin roba da tafin ƙafa tsirara ba, bai san wani abu ba game da duniya. Mai unguwa ya taka ja, ya yi tsalle ya sauka a kan shuɗi. Liman ya ja Innalillahi tun daga tsakiyar ɗaki har bakin ƙofa. Malam Istifanus ya kira sunan Yesu da Hausa, ya ƙara da yarensu. Mutanen da ba a taɓa ganin sun yi sauri ba suka fita suna ɗingishi cikin ruwa, kowa da takalminsa a hannu. Ilimin Injiniya dai ya ratsa jama'a, ta ƙasa ya shiga.

Tsuntsun da ya ja ruwa, an ce, shi ruwa kan doka. Amma Sammani ya tsira da abin da ya fi damunsa. Da aka ɗauke ruwan gab da Magariba, an same shi a rakuɓe a zaure, zauren da ya soke a zanensa, rungume da kwamfuta a cikin rigar ƙyalli. Ya buɗe ta. Ta kawo haske. Bene na nan yadda yake, rana na haskawa, ɗan mutum rawaya na murmushi da kofinsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce da ƙarfi don a ji. "Kun gani ko? Ko ɗigo."

Hajiya Furera ta fito daga soron, zaninta jiƙe har gwiwa. A bayanta Madina na jan katifa tana tsiyaya, Habibu kuma ya aika a nemo Almu ko nawa zai ce. Ta tsaya a kan autanta, ta leƙa allon, ta daɗe tana duban benen nan mai kyau.

"Wanga shi ne ɗakin nawa?" ta tambaya.

"Shi ne, Inna. Na sama, mai baranda."

"Kuma ba ya yoyo."

"Ko kaɗan, Inna."

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗauki buta da abin sallarta.

"To buɗe mani in shiga, ɗan albarka. Magariba ta yi, kuma ina son in kwanta da wuri."