Kujerar Da Ke Jiran Almakashi

Jama'a, ranar Litinin ɗin nan na zama kujera. Ku saurara ku ji.

Maƙwabcina Absalom, malamin firamare a nan Damilu, yana da 'ya, Jemimah, 'yar shekara goma sha uku. Da lalurar ƙwaƙwalwa aka haife ta, irin mai sandarar da gaɓoɓi. Hannunta ba ya riƙe buroshi, in an zo goge mata baki kuma muƙamuƙi ya datse. Haka wani haƙori na can ciki ya ruɓe. Kwana uku yarinya ba ta iya cin komai ba.

Motata tana layin mai tun Juma'a, ta kusa yin dangi a can, don haka keke muka hau zuwa wani asibiti.

Muna shiga, ga kujerar haƙori sabuwa dal, har da ɗamarar tallafe jikin yara irin Jemimah. An lulluɓe ta da leda, an ɗaure da jan ƙyalle.

Na ce wa likita, "Dakta Asta, ga mara lafiya, ga kujera. Bismillah."

Ta ce, "Bappa, ba a ƙaddamar ba."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai. Sau ɗaya har an kafa rumfa, an kawo makaɗa, sai mai hoto bai zo ba. Aka ɗage."

Allah ya ja zamanin Mai Girma Mai Almakashi, wanda ake jira ya zo ya yanke ƙyallen! Wannan shi ne tattalin kayan jama'a. Duk Jimeta babu mai lafiyar kujerar nan. Ko ƙuda bai taɓa zama a kanta ba.

Absalom ya miƙe. "Ni zan yage ledan!"

Dakta ta ce, "Malam, ka yage ka koma gida. Ni kuwa jibi a tura ni inda ko waya ba ta shiga. Wa zai duba yaran?"

Jemimah na ta hawaye, kumatu ya kumbura. Dakta ta ƙare mini kallo daga hula zuwa takalmi, kamar mai tayin rago.

"Bappa, zauna a bencin nan. Kai ka fi faɗi."

Aka ɗora mini Jemimah a cinya, kanta bisa ƙirjina, na rungume hannuwanta. Ubanta ya riƙe tocila. A hankali yarinya ta haɗa kalmominta: "Bappa... kana... rawa."

Gaskiyarta. Ni allura ko a hoto ba ma shiri.

Kafin azahar haƙori ya fita. Dakta ta nuna wa Absalom yadda zai naɗe ƙotar buroshi da robar tayar keke ta yi kauri, ko yarinya ta iya damƙa. Da yamma Jemimah ta shanye kunun gyaɗa kofi biyu, ta nemi ƙari.

Yanzu an ce in dawo ranar Alhamis, akwai yara biyu daga Girei. Uwargida ta ce shekara ashirin tana neman aikin da na iya, ashe zama ne.