Ɓeran Ofishin Uban Gyaɗa

Idan ana lissafa waɗanda suka yi wa gyaɗa hidima a duniya, to a fara da shugaban ƙungiyar manoma, a kuma rufe da shi. Gaskiya ne bai taɓa duƙawa a kunya ba, amma wa ya kai shi sanin darajar gyaɗa? Shi ya raɗa wa kansa Uban Gyaɗa, ya sa aka rubuta a ƙofar ofis da jan fenti. 'Yan ƙungiya kuwa a bayan idonsa Na-Ɓare suke ce masa, don ko sallama ka yi, ƙarar ɓare gyaɗa ce ke fara amsa maka.

Ga shi da baiwar magana. Yana da wani yatsa, manuniyarsa ta dama, wanda in ya ɗaga shi sama jawabi ya fara ke nan.

"Jama'a, gyaɗa uwa ce!" in ji shi. "Ta ba ku mai, ta ba dabbobinku harawa, ta bar wa gona ƙarfi. Kai, ko ɓawonta ba na yarwa ba ne!"

Da rani ƙungiya ta samo buhun iri mai saurin nuna, za a raba idan ruwa ya sauka. Mutane da yawa suka saki jiki, ba su ajiye nasu irin ba. Har goggon shugaba, ƙanwar mahaifinsa, wadda 'yar gonarta ce cinta da shanta, ta matse nata ta yi mai.

"Irin nan ba zai kwana a sito kamar wani gama-garin hatsi ba," in ji Uban Gyaɗa. Ya sa aka jingine buhun a gefen kujerarsa, daidai inda hannu ke kaiwa.

Daga nan ya duƙufa duba lafiyar iri. Wannan sadaukarwa sai shi! Kullum da safe zai ɓare ɗaya ya ƙura mata ido, sannan ya jefa baki don kada a yi asara. Ɗaya kuma ba ta isa shaida, sai ya ƙara. Da yake ɓawo ba na yarwa ba ne, a buhun yake mayar da shi, ya ɗaure baki tsaf. Buhu na nan cike yana ta rage nauyi, shugaba na ƙarawa.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa, Goggo ta shigo ganin iri. Ta zura hannu, ɓawo. Ta ƙara zurawa, ɓawo. Sai da hannun ya nutse har gwiwa kafin ta taɓa gyaɗa mai 'ya'ya. In ragowar nan ta tafi, bana gonarta sai ciyawa.

Nan take shugaba ya kira taron gaggawa. Yatsa ya tashi sama.

"Ɓera ne! Maƙiyin ci gaba! Na rantse sai na ga bayansa!"

"Ɗan nan," in ji Goggo, "ɓeran naka akwai tarbiyya. Ya ci, ya mayar da ɓawo, ya ɗaure buhu."

"Shi ya sa na ce yana da haɗari, Goggo."

Ya ba da umarni a ɗana tarko a ofis, gobe a raba abin da ya saura. Goggo ta ce tana da tarko a gida, ta je ta ɗauko. Yana can waje yana yi wa jama'a bayanin dabarun yaƙi, ita kuwa ta ɗana shi a cikin buhun, ta lulluɓe da ɓawo.

Washegari da safe masu shaguna a layin suka ji wata ƙara daga ofis, wadda ba su taɓa jin ɓera ya yi irinta ba.

A wajen rabon iri, shugaba ya yi jawabi mafi gajarta a rayuwarsa, hannun dama a aljihu. Da ya zo miƙa wa Goggo kwanonta, dole hannun ya fito. Yatsan jawabi ya sha bandeji, ya yi suntum.

"Ƙofa ce ta datse ni," ya faɗa da sauri.

Goggo ta juye irinta a zane, ta ƙulle.

"Sannu, ɗan nan, Allah ya kiyaye gaba. In ƙofar ta gama da tarkona, ta aiko mini da shi."