Yadda Ganga Ta Warkar Mini da Agara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka naɗa Garba kyaftin ba, ko da na so mantawa ma mutanen unguwar Barroquinha ta garin Bahia ba za su bar ni ba. Yau gemuna ya yi fari fat, amma har yanzu in na bi ta gangaren nan sai Iya Talatu mai ƙosai ta janye farantinta gefe, wai kada a maimaita.

A lokacin ni ɗan aike ne a Comércio, unguwar 'yan kasuwa, can ƙasa bakin teku. Jirgi ya iso, ko kaya sun jiƙe, ko wani ɗan kasuwa ya karye, ni ne mai kwasa a guje in hau tudu in kai labari ga masu dukiyar da ke zaune a saman gari suna shan iska. Muna da kanto ɗinmu, wato kusurwar titin da muke zaman jiran aiki, yawancinmu Hausawa. Sauran 'yan kanton dako suke yi, buhunan sukari da taba, ko su ɗauki Turawa a kujera mai labule. Ni Allah bai ba ni wuyan dako ba, ƙafa ya ba ni. Har suna gare ni, Barewa (ni na raɗa wa kaina, kuma in faɗi gaskiya ni kaɗai nake kiran kaina da shi).

To, a garin nan bawa ba ya sa takalmi. Saboda haka duk wanda ya fanshi kansa, abin da yake fara saya ke nan. Masu hankali rataya shi suke yi a kafaɗa, kowa ya gani ya san ɗa ne, ƙafarsu kuma ta huta. Ni da na fi kowa wayo, da na fanshi kaina sai na zura nawa, na ce da shi zan yi gudu, duk Bahia ta ji ƙwas-ƙwas ɗin 'yanci. Ina tsakiyar hawa dunduniyar takalmin ta maƙale a tsakanin duwatsu, na ji tas a bayan ƙafata kamar an sheme ni da sanda. Na juyo na zagi wanda ya buge ni tun daga kan ubansa. Babu kowa a wurin sai wata akuya, ita ma ba ni take kallo ba.

Aka cicciɓe ni sai gidan Baba Manu wanzami, wanda shi ne mai askinmu, shi ne mai ƙahonmu, shi ne kuma mai ɗorinmu. Ya danna yatsa a bayan dunduniyata, yatsan ya nutse. Ya ce, "Agara ce ta tsinke, ɗana. Amma ka gode wa Allah, takalmin lafiyarsa ƙalau."

Ya miƙar da tafin ƙafar ƙasa, ya shafe ta da manja da wani ganye mai warin tsiya, ya ɗaure da kara. Na yi watanni a kwance ina kallon jinka. 'Yan kanto suka riƙa ciyar da ni bi da bi, Iya Talatu kuma tana aiko da ƙosai da zafinsa. Sannu a hankali Baba ya riƙa sassauta ɗaurin, ya sa na fara tsayuwa, sai ɗage a kan yatsu ina dafe da bango, sai tafiya cikin ruwan teku iya gwiwa a Água de Meninos, shi kuwa yana zaune a inuwa yana gyangyaɗi. Wata rana ya murza wurin, ya ce, "Ta haɗe. Tashi ka yi gudu."

Ban yi ba. Kuma kada ka ɗauka ƙarya nake shara wa mutane don ƙosai (ko da yake ƙosan ba laifi). Tsoro ne, tsoro na gaske. Tafiya ina yi da sanda, amma da zarar na ce zan ɗaga ƙafa da sauri sai in ji tas ɗin nan a kunnena, in tsaya cak. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya ce a duk ɗorin da ya yi bai taɓa ganin ƙafar da ta riga mai ita warkewa ba sai tawa. Na ce masa shi aski ya sani, gudu kuwa ilimi ne mai zurfi.

Ana cikin haka wani Bayarabe mai suna Ojo ya riƙe mini aikin, kuma abin haushi, ya iya. Tsohon kyaftin ɗinmu, wato shugaban kanto, ya rasu, aka zaɓi Garba. Ya same ni har ɗaki ya ce, "Ɗan'uwa, ka san al'ada. Ranar ganga ɗan aike ne ke gudu a gaba yana buɗe hanya. In ka yi, aikinka na nan. In ba ka yi ba, na Ojo ne, ba ni da yadda zan yi." Na san abin da ya rage wa mutum irina in aikin ya tafi: kwasar tukwanen bayan gida na Turawa zuwa teku. Wannan ba ya neman ƙarfi, hanci kawai yake so ka rasa.

Ga yadda ake naɗin. Akan aro gangar katako daga rumbun ajiyar kaya, a cika ta da ruwan teku, a ɗaure da igiya a jikin doguwar sanda, ƙarti su saɓa a kafaɗa. Sabon kyaftin ya haye kanta, reshen itace a hannu ɗaya, kwalba a ɗayan (Garba ya rantse tasa ruwan rake ne zalla, ban ɗanɗana ba), a zagaya da shi ana waƙa. A ƙasa ake yi inda hanya take a miƙe. Amma Garba yana da surukai a Barroquinha, kuma ina amfanin sarauta in surukai ba su gani ba? Ya ce sai an hau da shi tudu.

Ni kuwa na riga na yanke shawara. Tunda zan faɗi, in faɗi da girma. Na roƙi a ɗauke ni a kujera mai labule, irin wadda matan Turawa ke zuwa coci a ciki. Dattawa biyu, kowannensu ya isa ya haife ni, suka ce don zumunci su za su ɗauka. Suka bi bayan ganga da ni suna nishi, ina ciki na ɗan ɗaga labule ina amsa gaisuwa da hannu.

A tsakiyar hawa aka tsaya shan iska, gangar na reto a samanmu da Garba a kai. Na ce dama ta samu. Na sa aka kira mini Ojo, na gyara murya, na yi jawabin ban kwana. Na ce Barewa ta yi gudunta ta gama. Na ce ƙafar da ta kai labarin jirage sama ta zama itace, ba za ta ƙara tashi ba sai ranar tashin kowa. Wallahi ni kaina jawabin ya taɓa ni. Iya Talatu, wadda ta biyo mu da faranti a ka, ta sauke shi tana share hawaye da bakin zane. Na ciro takalmin nan na miƙa wa Ojo da hannu biyu, na ce ya riƙe amana.

A daidai nan igiyar ganga ta ce tas.

Sautin nan ne sak, wanda na yi watanni ina ji a kunnena. Wani ya yi ihu, "Ganga!" Ban san lokacin da na fita daga kujerar ba. An ce ta cikin labule na bi, kuma dole in yarda, domin labulen ya biyo ni a wuya. Na taka farantin Iya Talatu, ƙosai ya watse. Ojo ma ya zura da gudu, ya riga ni tashi, amma kafin kwanar farko na wuce shi har iskata ta kaɗa masa riga. Na tsallake kwandon lemo, na tsallake wani fada na coci da ke tafe da laima, ban waiwaya ba, ban tsaya ba, sai da na ji ruwan teku a idon sawuna.

Sannan na juya. Babu ganga. Babu komai a bayana sai 'yan dako na wasu kanto da suka ajiye buhuna suna kallon mutum sanye da labule yana haki. Ashe gangar faɗuwa kawai ta yi, ta bugi bango ta tsage a wurin. Iyakar ɓarnarta, ta jiƙa wa sabon kyaftin wando a gaban surukansa.

Saukowa ba ta yi mini wuya ba, komawar ce aiki. Na yi tunanin in ɗan yi ɗingishi, sai na ga ko akuyar nan ba za ta yarda ba. Haka na hau da ƙafafuna biyu, garau, mutane sun jeru hagu da dama. Dattawan nan biyu suna zaune a gefen kujera suna murza kafaɗa. Ɗayansu ya dube ni ya ce, "Sannu da jiki, ɗana. Ya ƙafar da ta zama itace?" A nan titi ya fashe da dariya, har matan da ke leƙe ta taga. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Bahia dutse ce.

Baba Manu ya tsuguna ya murza agarar, ya miƙe ya ce daga yau ya daina ɗori, ganga zai saya. Iya Talatu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙosan da ka taka na yafe. Hawayena nake so ka dawo mini da su." Wannan ta fi komai yi mini ciwo, don ita da zuciya ɗaya ta yi kukanta.

Garba ya matse wandonsa ya yanke hukuncinsa na farko a matsayin kyaftin. Ya ce al'ada ta ce ɗan aike ya yi gudu a gaban ganga, kuma kowa shaida ne na yi, ba a dai faɗi ta wace fuska ba. Aiki nawa ne. Amma dattawan da suka hau da ni, ni zan sauke su gida a kujerar, ɗaya bayan ɗaya, shi da kansa zai kama mini baya. Ojo ya ce ya yarda, ba ya takara da mai gudun da ba a kora ba, sai dai takalmi an ba shi a gaban shaidu. Ya rataya abinsa a kafaɗa kamar mai hankali, ya yi tafiyarsa.

Na yi shekaru ina gudu bayan nan, ƙafar ba ta sake ce mini komai ba. Sunan Barewa dai bai taɓa kama ni ba, Mai Labule ya kama ni, har 'ya'yana da shi ake kwatanta su. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa: in wanzami ya ce ka warke, ka tashi ka gwada a bayan gida inda ba kowa. In kuma ka nace sai ka yi jawabin ban kwana, to ka fara duba igiyar da ke saman kanka.