Rasuwar Dattijo, Hedifon Mai Ɗab'i

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Mai Ɗab'i, wanda ke buga katunan biki da sanarwar rasuwa a shagon da ke ƙasan benen masu ɗinki, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar hedifon ɗinsa, abin sauraron waƙa da ake ɗorawa a kai, da aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Asabar da la'asar yana bisa kan maigidansa, bayan doguwar jinya a ɓangarensa na hagu. Iyalan sun san akwai masu raɗe-raɗin cewa marigayin lafiyarsa ƙalau, kunnen maigidan ne ya tafi. Ana roƙon waɗannan su kama bakinsu har a tashi daga makoki, gaskiya ba ruɓewa take yi ba.

Marigayin ya shigo gidan tun yara suna ƙanana. Kunnuwansa na katako ne, fatarsa ta yi laushi har ta ɗauki siffar kan maigidan, bayansa kuma raga ce a buɗe, don haka bai taɓa riƙe sirri ba. Abin da yake raɗa wa Mai Ɗab'i, duk wanda ke ɗakin yana tsintar rabonsa. Bai taɓa ɗaga murya ba. Idan aka ba shi waƙar mutanen karkara, mutum ɗaya da jitarsa, yakan kawo har tsiit ɗin yatsa a kan tsirkiya da numfashin da mawaƙi ke ja kafin ya buɗe baki. Idan waƙar kantiri ta Amurka ce, ya san mazaunin kowa: mai goge a dama, mai banjo, gurmin Turawa, a hagu, mawaƙi a tsakiya, ba mai taka ƙafar wani. Ba a zagin mamaci, amma dole a faɗa cewa waƙar rok mai hayaniya ta fi ƙarfinsa. Gangunanta a bakinsa kamar ana dukan matashin kai suke.

Saboda wannan rauni ne aka yi masa ƙane, Ɗan Zafi, baƙi wuluk, rufaffen baya, mai matse kai kamar sabuwar hula. Ɗan Zafi shi ne na rok. Idan jitar lantarki ta yi kururuwa, har haƙori ake ji, ganga kuwa a ƙirji take sauka. Sai dai ba shi da haƙuri da tsofaffi. Yakan ɗauki dattijon mawaƙin bulus, tsohon salon waƙar baƙaƙen Amurka, ya wanke shi tas, ya goge masa ƙurar murya, ya tsayar da shi a gaban hancin mutum.

Mai Ɗab'i ya rantse ba zai yi son kai tsakanin 'yan uwan ba, sai ya kafa shari'ar Asabar. Bayan ya rufe shago ya wanke baƙin tawada daga hannu, yakan zauna a kujerar da ke kusa da taga, maiɗakinsa ta ɗaure masa ido da ɗankwalinta, ta ɗora masa ɗaya daga cikinsu, shi kuma ya faɗi ko wane ne da abin da ya ji. Ita ta daɗe tana cewa da nauyi da ƙamshin fata yake ganewa, alƙalin da ya san mai ƙara tun daga takunsa. Shi kuma yana cewa wanda bai san garin ba, ya saurari mai garin. Shekara da shekaru ana wannan zama ba a yanke hukunci ba. Yau Dattijo ya yi nasara da waƙar bulus, gobe Ɗan Zafi ya rama da rok, a ɗage shari'a. A gaskiya ba hukuncin yake so ba, zaman yake so.

Babbar shaida a shari'ar wata tsohuwar waƙar bulus ce. A cikinta, can ta hagu, ana jin ƙafar mawaƙin tana buga daɓen katako. Ɗan Zafi yakan ce tak, tak, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijo kuwa yakan ce dum, dum, har mutum ya san takalmin ya tsufa kuma ɗakin babu kaya. Don wannan ƙafar Mai Ɗab'i yake son marigayin, ko da yake alƙalanci ya hana shi faɗa.

Ciwon ajali ya fara ne daga ƙafar nan. Ta riƙa yin nisa, kamar mawaƙin ya ja kujerarsa zuwa ɗakin maƙwabta, daga baya mai banjo ya bi shi. Mai Ɗab'i ya naɗe majinyacin a tawul ya kai wa mai gyaran rediyo da ke bakin hanya. Aka canja waya, aka hure ƙura, mai gyara ya ɗora a kansa ya ce shi dai bai ji ciwo ba. Mai Ɗab'i ya karɓe kayansa yana cewa mai gyaran ya saba da rediyon da ke tari, ina zai san ciwon manya. Da aka ce masa ai a Ɗan Zafi ma yanzu sai ya ƙara sauti, ya ce wannan yaron dama bai taɓa girmama ƙafar ba. A shago, injin ɗab'in yana ta aikinsa, kacau-kacau, a hannun hagun Mai Ɗab'i, yadda ya saba tsayawa tun yana saurayi domin dama ce ke jera takarda. Ya san da haka sarai. Tsoro ne ya hana shi haɗa lissafin, ya gwammace ya riƙa jinyar katako da fata.

A Asabar ta ƙarshe, maiɗakinsa ta ɗaure masa ido kamar kullum, ta ɗauki Dattijo, sai ta juya shi, ta sa hagu a dama. Ba ta taɓa yin haka ba, domin a gidan nan laifi ne babba. Aka saki waƙar. Ƙafar ta dawo, dum, dum, da tsohon takalminta da ɗakinta, lafiya lau, a kunnen dama. Hagu kuwa, inda yanzu jita ya kamata ta zauna, shiru kamar an toshe da auduga.

"Baban yara, ta dawo?" in ji ta.

"Ta dawo," in ji shi.

"To wane ne a kanka?"

Waƙar ta ƙare, wata ta shiga, ba wanda ya kai hannu ga ƙullin ɗankwalin. Da ta kwance shi daga baya, a jiƙe yake, ta kai shi wajen wanki.

Likitan kunne ya tabbatar da abin da ɗankwali ya riga ya sani. Na hagu ya tafi, ba magani ba aiki, abin da ya rage a lallaɓa na dama, a toshe shi a wajen inji, a kuma raba shi da duk abin da ake ɗorawa a kai. Mai Ɗab'i ya tambaya ko akwai abin da zai yi, ko na wahala ne. Aka ce masa haƙuri. Ya dawo gida ya daɗe yana kallon Dattijo a rataye a kan ƙusarsa. Duk darajar marigayin ita ce sanin dama da hagu, ga shi maigidan ɓangare ɗaya ya rage masa. Kunne kuwa ba a yi masa sanarwar rasuwa, yana nan manne da kai, kowa na ganinsa kamar mai rai. Sai ya sauka shago ya jera wannan sanarwa da hannunsa, ya buga ta a kan injin da ya yi ɓarnar, domin shi kaɗai yake da shi kuma shi ke ciyar da gidan.

Marigayin ya bar ƙanensa Ɗan Zafi, wanda shi ma an sallame shi daga aiki ba da laifinsa ba. Ya bar sabuwar waya da aka saya masa a banza, da tarin faifai, da shari'ar da ba za a taɓa yankewa ba tun da alƙalin ya sauka. Ya bar maigida da ba ya iya barci ta ɓangaren dama, don idan ya danne wannan kunnen duniya ɗauke masa take yi gaba ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da la'asar, lokacin da aka saba zaman shari'a. Za a shafe marigayin da tsumma mai laushi, a kwantar da shi a akwatin da ya zo da shi, a ɗora a saman durowar kaya, inda hannu ba ya kaiwa sai da kujera. Ba a bukatar shawarar mai gyara, ko labarin wani sabon hedifon da ya fito. Masu ta'aziyya su biyo ta hannun daman maigidan, su yi magana a hankali, ba sai sun ɗaga murya ba. Wanda ya yi ta hagu zai ga an gyaɗa masa kai an ce amin, amma kada ya ɗauka an ji shi.

Kujerar hagu dai an riga an kama ta. Za a saki tsohuwar waƙar a ƙaramar sifikar ɗaki, wadda ba ta san da wata ƙafa ba. Idan kun ga maiɗakinsa a zaune a can ta ɗora ƙafarta a kan tasa tana bugawa, kada ku ɗauka rashin ta-ido ne a gidan makoki. Ya sha gaya mata ba daidai take bugawa ba, amma har yau bai janye ƙafar ba. Allah ya ba mu haƙurin rashi.