Yadda Za Ka Haɗa Jiƙon Ganye Ka Tsira Da Ɗakinka

Ɗan'uwa, zauna tukuna, ba gaggawa. In a gidan Gwaggo kake, ci naka barci naka, sai ranar nan ta ce za ta ba wani tela hayar ɗakinka tunda ba ka da sana'a, to wannan bayanin naka ne. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma ka bi ni a hankali. Na yi maka alkawari ba mai raba ka da ɗakin nan.

1. Ka samo sana'a kafin ta rufe baki

Da ta ce, "Me ka iya?" kada ka kalli ƙasa. Ka ce, "Gwaggo, ai jiƙon ganye nake haɗawa, mai zaƙin nan da ake surkawa da ruwa." Za ta ce, "Kai ɗin? Kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona?" Ka yi murmushi kawai. Gwani ba ya gardama da tsofaffi.

2. Kayan haɗi

Na'a-na'a, citta, kanumfari, lemun tsami da zuma. Kada ka wahalar da ƙafarka zuwa kasuwa. Na'a-na'a na nan cikin tsohon bokitin da Gwaggo ta shuka a bayan kicin. Ka tsinko ta gefen bango, in an lura ka ce akuyar maƙwabta ce. Zuma kuwa tana saman kabad, bayan kwanukan nan da ba a taɓa cin abinci a ciki ba.

3. Dafawa

Ka juye komai a tukunya. Awo na matsorata ne. In ya yi yaji, ƙara zuma. In zaƙi ya yi yawa, ƙara ruwa. Haka za ka yi ta yi har tukunya ta cika, zumar ta ƙare. In Gwaggo ta leƙo ta ce, "Wannan ƙamshin kamar na san shi," ka ce, "Albarkar gidanki ce."

4. Ɗurawa

Ka tace, ka ɗura a kwalabe har wuya, ka murɗa murfi iya ƙarfinka. Masu iyayi za su ce a sa a firiji. To firijin Gwaggo da kwaɗo, makullin kuma yana ɗaure a bakin zaninta. Sai ka jera su a tagar ɗakinka inda rana ke bugawa, ka manta da su. Mantuwa dama ba ta taɓa ba ka wuya ba. In ka ji suna huci a hankali, ƙyale su, girma suke yi.

5. Ranar da tela zai zo ganin ɗaki

Ka tarbe shi da fara'a. Zai zo da farar riga ɗinkin hannunsa, yana auna inda zai kafa keke. Ka ce, "Maigida, a ɗanɗana tamu sana'ar." Gwaggo za ta ce, "Miƙo mu gani, uban masu sana'a." Ka ɗan girgiza kwalbar don zumar ta taso. Ka miƙa wa tela ya buɗe da kansa, shi ne babba.

6. Ka matsa gefe

Murfin zai bugi silin. Jiƙon zai raba kansa da adalci: rigar tela, bango, ɗankwalin Gwaggo, kowa ya samu. Kafin tela ya gama goge ido, tururuwa sun ja layi daga bakin ƙofa. Zai ce, "Mama, ni fa yadin mutane nake ajiyewa. Ɗakin nan an riga ni shiga." Ya ɗauki takalminsa.

Gwaggo za ta lashi leɓenta, ta ce, "Wannan zumata ce." Ka ce, "Shi ya sa ya yi daɗi, Gwaggo."

7. Ka karɓi kayanka

Za ta dubi bangon, ta dube ka, ta ce, "Ba mai hankalin da zai karɓi ɗakin nan. Sai kai." Ka durƙusa ka yi godiya.

Ni dai ɗaki na yi maka alkawari, ban ce har da abinci ba. Wankin rigar tela, da zumar Gwaggo, da tururuwar da za ku riƙa raba katifa, duk babu hannuna. In ta tambaye ka wa ya koya maka, ba ka san ni ba. Ina nan ɗakina, karkaɗe katifa nake yi.